Ɗigon Mai a Kan Rairayi

A garin Dogon Dutsi, a bakin kwalta kusa da inda 'yan kabu-kabu suke jiran fasinja, akwai wani matashi mai gyaran babur, sunansa Shamsu. Ya iya aiki, wannan kam babu mai musu. Kunnensa kan gane ciwon inji tun mai babur bai buɗe baki ba. Abin da ya ɓata shi guda ɗaya ne, gaggawa, da son a riƙa cewa babu wanda ya kai shi sauri. Har 'yan kabu-kabu suka laƙaba masa suna Shamsu Yanzu-yanzu, shi kuwa in ya ji an kira shi da sunan nan sai kansa ya ƙara girma, ya hau juya sifana a hannu yana murmushi.

A wurin wani dattijo ya koyi sana'ar, Malam Usman, wanda rumfarsa take daura da tasa. Akwai wata al'ada da Malam Usman yake da ita wadda ta daɗe tana ba Shamsu haushi. A cikin kafiretar babur, can ƙasa, akwai wata 'yar tukunya da mai yake taruwa kafin ya wuce cikin inji. A cikinta akwai wani abu mai yawo a kan man, makanikai suna ce masa fulota. In mai ya kai iyakarsa sai fulotan ya taso, ɗan harshensa na ƙarfe ya tura wata allura ta toshe hanya. In aka lanƙwasa harshen nan, man da ke tukunyar ya ƙaru ko ya ragu. To, duk ranar da Malam Usman ya taɓa fulota, ba ya sallamar mai babur. Sai ya tura babur ɗin kan busasshen rairayi, ya bar famfon mai a buɗe, ya koma ya zauna ya sha shayinsa. In ya gama ya dawo ya durƙusa ya duba ƙasa. In rairayin a bushe yake, babur ya tafi. In da ɗigo ko guda, a sake kwancewa.

Shamsu yakan ce wannan zaman tsofaffi ne. Tun da ya buɗe rumfarsa bai taɓa yi ba, kuma da yake Allah ya rufa masa asiri ba a taɓa samun matsala ba, sai ya ɗauka gwanintarsa ce.

Shamsu yana da yaya mai suna Sahura. Ita ta goye shi, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana aure a Tungar Dambo, wani ƙauye da ake sauka daga hanyar Tibiri a shiga rairayi kafin a kai. Mijinta Mahmuda manomi ne, mutum mai fara'a da tsokana. Tsakaninsa da Shamsu akwai wasan nan na miji da ƙanin mata, kuma Mahmuda ba ya raga masa ko kaɗan. Bai taɓa kiransa da sunansa ba. Kullum sai dai "ɗan goyon matata", ko a kasuwa ne, ko a gaban wa.

Wata safiya da kaka, an gama girbi, sai ga Mahmuda a kan tsohon baburinsa, ya ɗaure sukari da ganyen shayi a baya. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Ina ɗan goyon matata? Hito ka ga mijin mai goyonka."

'Yan kabu-kabu suka kwashe da dariya. Shamsu ya taso yana goge hannu da tsumma.

"Mijin yaya, har yanzu ba ka binne jakin ƙarhen ga ba? Mi yas same shi kuma?"

"Tari shi kai," in ji Mahmuda. "Bisa kwalta lahiya lau, amma in na shiga rairai da kaya sai shi riƙa shaƙewa kamar zai mutu. Kuma yau muka gayya. Hatsin bana kusan duka shina gindin rumbu, yau za mu sa shi ciki. Sauran damman da ke gona da moton ga za ni kwaso su. In ka iya, gyara. In ba ka iya ba, in tura shi wurin Malam Usman, shi da yas san aiki."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta taɓa Shamsu, kuma Mahmuda ya san za ta taɓa shi, shi ya sa ya faɗa. Shamsu ya tayar da babur ɗin, ya murɗa, ya saurara. Nan take ya gane. Mai ba ya isar inji in an matsa masa. Dattin man kwalba da ake saya a bakin hanya ya taru a matata da 'yan ƙananan hudojin kafireta. Gyaran gaskiya shi ne a kwance komai, a wanke, a hura, a duba allurar ko ta cinye. Wannan zai kai su har rana ta take. Ga 'yan kabu-kabu sun kewaye shi, ɗaya daga cikinsu mai suna Bilal har yana cewa, "Yau za mu gani, Yanzu-yanzu ne ko Sai-an-jima."

Shamsu ya zaɓi gajeriyar hanya. Ya cire tukunyar kafiretar kawai, ya sa bakin sukudireba ya lanƙwasa harshen fulotan don mai ya taru da yawa. Ya duba, ya ga kamar bai isa ba, ya ƙara lanƙwasawa. Ya mayar ya ɗaure, ya buga. Babur ya tashi da wata murya mai daɗi, sumul, babu tari babu shaƙewa. 'Yan kabu-kabu suka yi shewa. Mahmuda ya zagaya sau ɗaya ya dawo baki har kunne.

"Kai, ashe matata ba ta yi goyon banza ba," ya ce. Ya tsaya ya sha ruwa, suka ɗan ƙara taɓa wasa, ya ce wa Shamsu rabonsa na sabon hatsi yana nan tafe kamar kowace shekara. Daga nan ya hau ya kama hanya.

Ƙurarsa ba ta gama kwantawa ba Shamsu ya sunkuya zai ɗauki sifana, idonsa ya faɗa kan wurin da babur ɗin ya tsaya. Rairayin ya jiƙe, faɗin tafin hannu. Ya dangwala yatsa ya shinshina. Fetur ne, wanda a can suke ce wa esansi. Ya san abin da ya yi: ya lanƙwasa harshen ya wuce kima, allurar ba ta toshewa sosai. Muddin babur ɗin yana tafe inji zai riƙa shan man, ba za a ga komai ba. Amma da an tsaya, in ba a rufe famfon mai ba, tukunyar za ta cika ta riƙa zubarwa ƙasa ta ɗan tiyonta, ɗigo bayan ɗigo, har tanki ya ƙare.

Malam Usman yana wucewa da butarsa, ya ja ya tsaya.

"Shamsu, wane moto yat tsaya nan?"

"Ba komi, Malam. Kwalbar esansi ce ta tuntsure mini."

Ya sa ƙafa ya tura rairayi ya rufe wurin. Dattijon ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya wuce.

A lokacin nan Mahmuda bai yi nisa ba. Wayarsa tana aljihunsa, yana kan babbar hanya inda ake samun layin waya. Kira ɗaya ya isa. Shamsu har ya zaro wayarsa, sai ya ɗaga kai ya ga Bilal da sauran suna zaune a kan bencinsa, suna ba wani baƙo labarin yadda ya gyara babur kafin mai shi ya gama shan ruwa. Ya tuna kuma da bakin Mahmuda. In ya kira ya ce dawo na yi kuskure, to ya shiga uku. Duk biki, duk suna, duk ranar kasuwa, sai Mahmuda ya ba da labarin ɗan goyon matarsa da ya mai da babur randa mai yoyo. Shamsu ya mayar da wayar aljihu. Ya ce a ransa bari mutanen nan su watse tukuna.

Ba su watse ba. Wani ya tafi wani ya zo. Aka kawo masa babur mai matsalar birki, ya kama aiki, amma hankalinsa ba ya wurin. Ya riƙa lallashin kansa. Ai Mahmuda babba ne, zai rufe famfo in ya tsaya. Sai kuma ya tuna da hannunsa ya taɓa famfon nan ɗazu, a cije yake da tsatsa, alamar an daɗe ba a juya shi ba. Ya ce to ai ɗigo ne kawai, rairayi zai shanye. Sai ya tuna gindin rumbu ba rairayi ba ne a irin wannan rana, kara ne da ƙaiƙayi da busassun zangarniya ko'ina. Ya ce to ai babu wuta a wurin. A nan ne hannunsa ya tsaya cak a kan birkin. Sukari da ganyen shayin da ya gani ɗaure a bayan babur, na masu gayya ne. Ba a gayya babu shayi, kuma ba a dafa shayi a rana. Inuwar da ke wurin guda ɗaya ce, ta bishiyar gawo da ke jikin rumbun, kuma nan kowa yake jingine abin hawansa.

Ya saki aikin ya zagaya bayan rumfa ya kira Mahmuda. Wayar ba ta shiga ba. Ya sake, ya sake. Mahmuda ya riga ya sauka daga babbar hanya, kuma Tungar Dambo sai an hau tudu ake samun layi. Ya kira yayarsa Sahura, tata a kashe. Ya tsaya riƙe da waya yana kallonta.

Ko a nan ma bai tashi nan take ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci masa rai daga baya. Ya koma ya ƙarasa birkin mutane, don kada a ce Yanzu-yanzu ya bar aiki a rabi. Aka kira azahar, ya yi salla bai san abin da ya karanta ba. Yana sallamewa ya ji ba zai iya ƙara zama ba. Ya je wurin Bilal.

"Ara mini motonka. Za ni Tungar Dambo."

"Lahiya, maigida? Ka ga huskarka kuwa?"

"Ba ni makulli kawai, don Allah."

Ya zuba kayan aiki a jaka ya hau. A kan hanya ya riƙa addu'a, irin addu'ar wanda ya san shi ya jawo wa kansa. Allah ka sa bai tsaya ba. Allah ka sa man ya ƙare a gona. Allah ka sa sun dafa shayin a cikin gida. Kowane babur ya hango daga nesa sai ya ce ko Mahmuda ne ya lura ya juyo, in sun matso ya ga wani ne. Da ya sauka cikin rairayi, ƙafafun babur suka riƙa nutsewa, ya sauka ya tura, ya hau, ya sake faɗuwa. Gonaki a hagu da dama an girbe su, sai kara a tsaye, busasshe ƙayau, iska tana kaɗa shi. Bai taɓa lura da yadda kaka take da bushewa ba sai ranar.

Yana hawa tudun ƙarshe ya ga hayaƙi. Ya ce a ransa wata ƙila wani ne yake ƙona shara. Amma hayaƙin baƙi ne daga ƙasa, fari daga sama, kuma ya yi yawa. Da ya ƙara matsawa ya fara jin ihun mata da ƙarar bokitai.

Ko da ya isa, an gama. Rumbun ya rufta, jinkarsa ta zama toka. Damman hatsin da aka jera a gindinsa suna jiran a ɗaga su, tari guda har ya fi mutum tsayi da safe, sun koma wani baƙin tudu mai huci. Gefen gawon ya babbake. A ƙarƙashinsa ga ƙarfen babur a kwance, tayoyinsa sun narke, kusa da shi ga ɗan murhun gawayi da butar shayi a kife. Mutanen gayya suna tsaye jugum, wasu da rassan da suka yi ta dukan wuta da su har yanzu a hannu. Rijiyar garin tana da zurfi, guga ɗaya-ɗaya ake ja, wutar kuwa ba ta jira kowa ba.

Mahmuda yana zaune a ƙasa, an naɗe masa hannuwansa biyu da tsumma mai ruwa. Ya ƙone su ne yana fizgo damma daga cikin wuta. Abin da ya tsirar bai kai abincin wata guda ba. Mutane suna ta maganganu. Wani ya ce iska ce ta ɗauki tartsatsi. Wata tsohuwa ta ce ita dai ta daɗe tana faɗa, gawon nan akwai masu shi, ba a hura wuta a gindinsa ba a nemi izini ba. Mai dafa shayin yana rantsuwa yana kuka, yana cewa shi bai kusanci kara ba, gawayi ɗaya ne ya faɗo ƙasa, sai kawai ya ga ƙasar ta kama da wuta ta ruga ƙarƙashin babur.

Mahmuda ya ɗaga kai ya ga Shamsu. Duk da halin da yake ciki sai da ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Ɗan goyon matata, wa yag gaya maka? Ka ga ikon Allah. Moton ma ya tahi. Wallahi tun da nis saye shi bai taɓa daɗi kamar yau ba."

Mahmuda ya ci gaba da kallonsa, sai idonsa ya sauka kan jakar da ke rataye a kafaɗarsa, bakin sifana da sukudireba sun leƙo. Murmushin ya tafi a hankali. Babu wanda ya aika Dogon Dutsi. Babu layin da za a kira. Kuma mai zuwa jaje ba ya ɗauko kayan aiki.

"Mi ka zo gyarawa?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Shamsu ya durƙusa. "Kafiretar... tana zubar da mai in an tsaya. Ni na lanƙwasa ta."

"Yaushe kas sani?"

Da Shamsu zai iya ƙarya a nan, da ya yi. Amma ga yayarsa Sahura tsaye a bayan mijinta, fuskarta duk toka, tana kallonsa da idon da ta saba kallonsa tun yana bayanta.

"Tun kana tashi," ya ce. "Tun ba ka hita gari ba."

"Kuma wayata tana aljihuna."

"Na ji tsoron ka yi mini dariya."

Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ɗaga masa hannu. Da an yi, da ya fi masa sauƙi. Mahmuda ya sunkuyar da kai ya dubi hannuwansa. Sahura ta juya ta ɗauki faifai, ta je bakin tokar ta durƙusa, ta fara tonon inda ya huce tana neman ƙwayar da ba ta ƙone ba. Shamsu ya je zai taya ta. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma dube shi ba. Suka yi ta tono har la'asar ta yi sanyi, abin da suka tara bai rufe gindin faifan ba.

Shekarar nan gidan Mahmuda da taimakon dangi da maƙwabta suka ci. Ya sayar da shanun nomansa tun kafin bazara, kuma yatsunsa biyu na dama ba su ƙara miƙewa ba. Labari ya kai Dogon Dutsi kafin Shamsu ya mayar wa Bilal da baburinsa. 'Yan kabu-kabu suka mayar da zamansu rumfar Malam Usman, sunan Yanzu-yanzu ya koma abin da ake faɗa in ana so a gargaɗi sabon makaniki. Shamsu ya rufe rumfarsa ya koma aiki a ƙarƙashin dattijon. Duk abin da ya samu sai ya auni hatsi ya aika Tungar Dambo, ana karɓa, ana aiko masa da godiya. Yanzu in ya taɓa fulota, shi da kansa yake tura babur kan rairayi ya zauna ya jira, ba ya ko shan shayin, ƙasa kawai yake kallo.

Da damina ta kusa, wata ranar kasuwa, ya hango Mahmuda tafe a ƙasa ta bakin kwalta. Ya miƙe ya goge hannu, ya tsaya inda za a gan shi, yana jira a ɗaga murya daga nesa kamar da, a ci masa mutunci a gaban kowa, a kira shi ɗan goyo. Ya shirya ya sha duk tsokanar da ke duniya. Mahmuda ya iso, ya tsaya, ya miƙa masa hannunsa mai tabo.

"Malam Shamsu, ina wuni? Ina aiki?"

"Lahiya lau," in ji Shamsu.

"To madalla. Yayarka tana gaishe ka."

Ya sake shi ya wuce cikin kasuwa. Shamsu ya bi shi da ido har ya ɓace cikin mutane, sa'an nan ya zagaya bayan tsohuwar rumfarsa, inda ya taɓa tsayawa da waya a hannu, ya zauna ya yi kuka.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Duk aikin da aka damƙa maka amana ce, kuma ba a gama shi ba sai an gwada an tabbatar, ko da masu kallo za su ce kana da nawa. In kuwa ka yi kuskure ka gane, ka faɗa a lokacin da faɗar take da amfani, kada ka tsaya auna abin da mutane za su ce. Kunyar da Shamsu ya guje wa ta yini ɗaya ce, da an yi dariya an manta. Shirun da ya yi ya cinye abincin shekara na gidan da ya raine shi, ya naƙasa hannun manomi, ya kuma raba shi da wasan da bai san darajarsa ba sai da aka daina yi masa.